Bargon tsumma: fasaha ce, ko talauci ne aka rataye a bango?

Maman Hanif (Atlanta): Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sanyi. Nan tun farkon Disamba maƙwabta suka lulluɓe gidajensu da fitilun Kirsimeti, yara suna hutu, biyar da rabi na yamma duhu ya rufa. Hoton da na ɗora ba zanen fenti ba ne, bargo ne, a gidan adana kayan fasaha na garin nan na gan shi rataye. Matan wani ƙauye mai suna Gee's Bend a jihar Alabama ne suke ɗinka irinsa, baƙaƙen fata ne jikokin bayi. Hawa uku ne: na sama guntayen tsofaffin kaya ne aka harhaɗa, na tsakiya auduga, na ƙasa shimfiɗaɗɗen ƙyalle, sai a bi da allura a ɗinke ukun tare. Ku dubi shuɗin nan da ya koɗe a gefe, gwiwar wandon jins ce ta manomi, har inda aljihu yake ana gani don wurin ya fi duhu. Tambayata, mu da muka fi kowa tara atamfa a akwati, me ya hana mu yin irin wannan? Ina guntayen da ke zuba a shagon tela suke tafiya?

Tela Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam Hajiya. Fisis kike nufi? Masu cusa filo suna zuwa su ɗiba, yara su tsinci na kayan 'yar tsana, sauran bola. Gab da Sallah kuwa buhu-buhu ake sharewa.

Hajiya Babba: Ikon Allah. Yanzu tsumma ne aka rataye a bango mutane suna biyan kuɗi su kalla? 'Yar nan, mu da muka sa kaya mai maho muna yara ba ma sha'awar a tuna mana. Uwata ta yi mana irin wannan haɗe-haɗen da tsofaffin zannuwanta, in baƙi sun zo cusa shi ake yi ƙarƙashin gado. Ba don kyau aka yi shi ba, don babu ne. Yau Allah ya yi mana sutura, sai kuma a ce mu koma?

Maman Hanif (Atlanta): Ranki ya daɗe, su ma ai don babu suka fara. Ƙauyen nasu kogin Alabama ya kewaye shi ta ɓangare uku. Gonar auduga ce da wani Joseph Gee ya kafa a 1816, a 1845 ta koma hannun Mark Pettway, wanda ya taso bayi kimanin ɗari daga North Carolina, akasarinsu a ƙafa. Shi ya sa har gobe gidaje da yawa a garin sunan Pettway suke amsawa. Bayan an 'yanta su suka ci gaba da noma a gonar da ba tasu ba, cikin bashi. Ɗakunan na katako ne, iska tana shigowa ta ko'ina, har jarida suke mannawa a bango don toshe kafa. Sanyin can ba na ƙanƙara ba ne sosai, amma mai laima ne, yana ratsa ƙashi. To mace mai 'ya'ya takwas ko goma dole ta tanadi barguna masu yawa, a jibga wa kowane gado. Sai an gama tsinkar auduga, aikin gona ya kwanta, sannan ake zama a yi ɗinkin. Kowace ta haɗa na samanta ita kaɗai yadda ranta ya so, ranar ɗinke hawa ukun kuma maƙwabta su taru a ɗaki ɗaya ana yi ana waƙoƙin coci.

Akwai guda ɗaya da ya tsaya mini a rai. Wata mata, Missouri Pettway, mijinta ya rasu, a 1942 ta kwaso kayan da yake zuwa gona da su, riguna da wanduna, ta farke su ta haɗa bargo, ta riƙa lulluɓa da shi. Har tabon da ke jikin kayan ba ta yanke ba. Wannan Hajiya ba na jin babu ce kaɗai ta sa.

Hajiya Babba: Allah sarki. Wannan kam ta taɓa ni. Amma mu kayan mamaci ai sadaka ake yi da su, ko a raba wa magada. Wa zai bar ki ki sa musu almakashi?

Malam na Zariya: Salamu alaikum. Ina biye da ku tun ɗazu. Hajiya Maman Hanif, cewa ba mu da irin wannan aikin akwai gyara. Mun iya, sai dai mu ba gado muka yi wa ba, doki muka yi wa. Lifidi mene ne? Ƙyalle sama, ƙyalle ƙasa, a cusa auduga ko audugar rimi a tsakiya, a bi da ɗinki a danne. Sau da yawa na saman ma haɗi ne na ja da fari da baƙi da rawaya, an yanka su kusurwa-kusurwa. Da shi ake rufe doki tun daga wuya har gwiwa, mahayin ma ya sa nasa, ya ɗora kwalkwali. Kibiya mai dafi in ta zo sai ta maƙale a cikin audugar ba ta kai ga fata ba. Illarsa biyu: nauyi, har in ɗan lifida ya faɗo da ƙyar yake tashi sai an taimaka masa, sai kuma wuta, don abokan gaba sun gane su harbo kibiya mai wuta. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah a Kano ko Katsina ko nan Zazzau ya ga 'yan lifida da idonsa. Borno ma haka.

Na rufa kuwa, mun bi ta wata hanyar ce. Mu masu saƙa ne. Mata su gurje auduga, su shiɓe, su kaɗa da mazari, a kai wa masaƙi ya saƙo sirara masu faɗin tafin hannu, a jera su gefe da gefe a ɗinke, ga gwado, ga luru. Wanda yake da masaƙi a bayan gidansa bai cika buƙatar tara tsumma ba. Baturen nan Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar da kayan saƙar Kano da rininta suna kaiwa har Timbuktu da Murzuk da Tarabulus.

Ɗan Damagaram: Allah ya gafarta Malam, haka yake. A nan Nijar ma, yammacin ƙasar wajen Zabarmawa, akwai tera-tera, saƙar hannu ce mai launuka da ake sa wa amarya a kayan ɗaki. Fulanin Masina a Mali kuma suna da kasa, bargon gashin tumaki, makiyayi ya sha sanyi da shi sannan a sayar da shi kudu har ƙasar Asante. Amma ina so in tambayi Malam, yaushe rabonka da ka ga gwado a gadon wani? Ni dai na kakana ne na ƙarshe da na gani, fari sol, mai nauyi, in an wanke shi mutum biyu ke matsewa.

Malam na Zariya: An jima kam. Masaƙan hannu suka ja baya da zuwan masana'anta, masana'antar ma ta bi su. Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, masaƙar UNTL, ita ma ta Kaduna, ta biyo baya a 2007. Yanzu auduga a Funtuwa, bargo daga China.

Tela Ɗan Kwari: To kun zo inda nake jira. Ni ba na musun kyau, lissafi nake yi. Bargon nan mai laushi mai hoton damisa da ake sa wa amare, ka shiga kasuwa ka ɗauko a jakarsa ka wuce. Wanda ba shi da hali ya je gwanjo. Wannan na hoton kuwa, in da hannu za a yi, makonni zai ci. Yanka kaɗai aiki ne, ga haɗi, ga guga, ga ɗinkin dannewa. In na sa yaro a kai ya bar ɗinkin mutane, nawa zan sayar? Wace Hajiya ce za ta biya kuɗin da ya fi na sabon bargo a kan abin da ta san daga sharar shagona ya fito? Watan nan fa na biki ne, kowace Asabar ɗaurin aure, anko ya yi mana yawa, ko barci ba ma samu.

Uwar Biyu: Malam Tela tsaya tukuna, sharar shagonka ko sharar atamfarmu? Turmi guda nake kai wa tela, yadi shida, a yi mini riga da siket da ɗankwali, ban taɓa ganin an dawo mini da ko ƙyallen goge hanci ba. Kwanaki na ga 'yar wani tela da riga, hannun rigar atamfata ce sak.

Tela Ɗan Kwari: Anti ba ni ba ne dai ko? Mu ma ana zaluntarmu, wata ta kawo yadi huɗu ta ce a fitar mata da ɗinkin yadi shida.

Uwar Biyu: Ba kai ba ne, amma duk jirgi ɗaya ya kwaso ku. Malam na Zariya a ba mu fatawa, fisis na waye?

Malam na Zariya: Ni ba mufti ba ne, amma abin a fili yake. Yadin na mai shi ne, tela amana aka ba shi, ladan aikinsa kawai ya mallaka. Ɗan ƙyallen da kowa ya san mai kaya ba ya waiwayarsa, al'ada ta yafe. Wanda zai fitar da hula ko rigar jariri ko hannun riga kuwa, sai an tambaya. Tambayar ma ba ta da wuya: Hajiya ga ragowa, a sa miki a leda ko kin bar mana? Yawanci za su ce sun bari.

Maman Bulus (Jos): Ina gaishe ku duka, iyaye da 'yan uwa. Mu a nan sanyi ba labari ba ne, da asuba ruwan randa sai ka ce daga firji aka ɗebo. Muna ta shirin Kirsimeti, an ɗinka wa yara sababbin kaya, shinkafa da kaji sun yi tsada amma za a yi yadda aka saba, a kai wa maƙwabta su ma su ci. Abin da Tela ya faɗa gaskiya ne in sayarwa za a yi. To amma wa ya ce sai an sayar? A zumuntar mata tamu kowace shekara akwai anko, na taro, na biki, na jana'iza. Wata tsohuwa a cikinmu ta ɗauki ƙyalle ɗaya daga kowane anko da ta taɓa sawa ta haɗa abin shimfiɗa. In ka zauna da ita sai ta riƙa nuna maka da yatsa: wannan auren wance, wannan shekarar da aka yi rikici muka kwana a barikin soja, wannan rasuwar mijina. Ba ta iya karatu ba, amma ba ta taɓa rikita shekarun ba. Jikokinta har faɗa suke a kan wa zai gaje shi.

Hajiya Babba: Maman Bulus barka da shirin biki, Allah ya sa a yi lafiya. Kin ga wannan daban. Ita ta zaɓa, tana da wani bargon ta ajiye ta yi wannan. Abin da nake ƙi shi ne mai ƙoshi ya zo yana yaba wa mai yunwa kyan ƙugunsa. Waɗannan matan na Amurka, da aka rataye tsummansu ana kallo, su me suka samu?

Maman Hanif (Atlanta): Tambayar da su Amurkawan ma suke yi kenan. Duniya ba ta san su sosai ba sai 2002, da aka baje bargunan a gidan kayan fasaha na Houston, daga nan aka kai gidan kayan fasaha na Whitney a New York, masana suka yi ta kwatanta su da manyan masu zane na zamani. A 2006 hukumar gidan waya ta buga kan sarki guda goma da hotunan bargunan. Aka riƙa buga zanen a jikin darduma da kofuna da katunan gaisuwa. A 2007 wasu daga cikin matan suka kai dillalan da suka fito da su kotu, suna cewa ba a ba su haƙƙinsu ba, wasu matan kuma suka tsaya bayan dillalan suka ce ba don su ba da wa zai san da mu. A 2008 aka rufe shari'ar. Tun 2021 dai da yawansu suna sayarwa da kansu ta Etsy, shafin sayar da kaya a intanet. Gundumar tasu, Wilcox, har yanzu tana cikin mafiya talauci a Amurka.

Hajiya Babba: Kin ji ko. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Maman Hanif (Atlanta): Akwai wannan, ban musa ba. Amma matan nan ba kanwar lasa ba ne Hajiya. Farkon shekarun 1960 da suka fara tsallaka kogi a jirgin fito zuwa Camden, hedikwatar gundumar, don yin rajistar zaɓe, hukuma ta dakatar da jirgin fiton a 1962, tafiyar 'yan mintuna ta koma zagayen awa guda a mota, ga shi ba kowa ke da motar ba. Sai 2006 jirgin ya dawo. Martin Luther King ya je garin a 1965, da aka kashe shi a 1968 alfadaran Gee's Bend ne suka ja keken da ya ɗauki gawarsa a nan Atlanta. A 1966 matan yankin suka kafa ƙungiyar ɗinki ta haɗin gwiwa, Freedom Quilting Bee, daga baya suka sami kwangilar ɗinka rigunan filo daga kamfanin Sears da wani yadi mai kauri mai layi-layi kamar karammiski. Ragowar yadin suke kwasowa gida, shi ya sa bargunan shekarun 1970 suka cika da ruwan ƙasa da kore da ruwan zinare. Fisis ɗin kamfani kenan, Malam Tela.

Tela Ɗan Kwari: Da izini dai suka ɗiba ko? Kada Anti Uwar Biyu ta bi su har can.

Baƙo daga Mai Wurno: Salamu alaikum dangi. Kakanninmu sun zo Sudan ne bayan yaƙin Burmi na 1903, muna bakin Shuɗin Nilu, Hausa ba ta ɓace mana ba. Maganar kunyar maho ce ta sa na sa baki. Ansar, mabiyan Mahadi na nan Sudan, jibba mai faci suke sawa. Da farko faci ne na gaske, na talauci da gudun duniya irin na sufaye. Zamanin magajinsa Halifa Abdullahi sai ta zama kayan soja, ana ɗinka ta sabuwa fil da farin ƙyallen auduga, a ɗora mata faci masu launi a jere, har sarakunan yaƙi suna da tasu mai ado. Bayan yaƙin Karari na 1898 Turawan Ingila suka kwashe da yawa, suna can gidajen tarihinsu. Abin da mutum ɗaya ke ɓoyewa ƙarƙashin gado, wani da shi ya fita filin daga.

Malam na Zariya: Madalla da wannan. An ruwaito Sayyidina Umar yana halifa yana sa tufa mai faci. A Senegal ma 'yan Baye Fall, almajiran Shehu Ibra Fall, da kayan haɗe-haɗe aka san su.

Hajiya Babba: Malam waɗannan duk maza ne, kuma don Allah suka yi. Ka sa matarka ta fita gidan biki da maho ka ga abin da dangin miji za su ce.

Uwar Biyu: Hajiya ai ba fita za a yi da shi ba, rufa za a yi. Ni wani abu ne ma yake damuna. Jiya da asuba na leƙa zaure, almajiran da ke kwana a ƙofar gidanmu sun cure wuri ɗaya, ƙaramin cikinsu ya zura ƙafafunsa a buhun siminti, ƙafar duk faso. Wasu kuma kwali da roba suke ƙonawa su ji ɗumi. Ga ni da akwati biyu na zannuwan da na daina ɗaurawa, wasu tun na aurena. In na haɗa uku-uku na ɗinke ai sun fi buhu. Ba na neman a rataye a bango. Wadda ta iya ta koya mana kawai.

Ɗan Damagaram: Allah ya saka da alheri Yaya. A ja musu kunne kuma kan kaskon gawayi a ɗaki rufe. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, mutum yana barci take ɗauke shi. Duk hunturu sai an ji irin wannan labarin.

Maman Bulus (Jos): Uwar Biyu, ba wuya. Ki fara wanke komai, don sabuwar atamfa tana zuba kuma tana shiga, in kin haɗa ta da tsohuwa ba wanki, ranar da aka jiƙa bargon zai tattare. Kada ki gama mai nauyi da marar nauyi, shadda da shadda, atamfa da atamfa. Leshi da mai santsi ki bar su, ba sa riƙe ɗinki. Ki yanka guntayen, ki jona su su zama dogayen layuka, ki goge kowane haɗi da dutsen guga ya kwanta, sannan ki jona layukan. A tsakiya ba sai kin nemi auduga ba, tsohon zanen gado ko bargon da ya sille ya isa, ya ma fi sauƙin wanki. Ki shimfiɗa ukun a tabarma, ki kama su da manyan ɗinki na wucin gadi, sai ki fara ɗinkin gaske daga tsakiya kina yowa waje, layi bayan layi, tazarar yatsu biyu. Zare mai kauri, allura babba. A ƙarshe ki naɗe bakin da dogon ƙyalle.

Ɗaliba a Indiya: Mama ni kuma a nan na ga akasin haka. Akwai Siddi a jihar Karnataka, asalinsu daga Afirka ne, suna yin nasu da suke kira kawandi. Tsohon sari suke shimfiɗawa, su fara daga baki, suna ɗora ƙyalle suna lanƙwasa gefensa suna ɗinkewa, suna zagayawa har su ƙare a tsakiya. Ba keke, ba awo. Kowace kusurwa kuma sai an maƙala mata ɗan ƙyalle mai kamar fure, in babu shi wai bargon bai kammala ba.

Maman Bulus (Jos): 'Yata wannan sai gwanaye. Sabon hannu in ya fara daga baki, zai zo tsakiya ya tarar da tudu.

Tela Ɗan Kwari: Ku dai kuna son wahala. Haɗin saman a keke ake yinsa, yini ɗaya an gama. Ko dannewar ma keke zai yi in ba a cika kauri ba.

Hajiya Babba: Keke yana sa shi ya yi tauri kamar tabarma. Uwata da hannu take yi, kuma zaren da take farkewa daga bakin tsohon zane take amfani da shi, ba ta sayen zare. Ɗinkinta ƙanana ne, a jere, ka rantse da awo ta yi. Da daddare take yi bayan an ci tuwo, muna gefen murhu ana gasa mana dankali, kaka ta wuce rumbu ya cika, samari suna can dandali ana kiɗan kalankuwa. Uwar Biyu, in kin tashi ki turo a ɗauke ni, idona bai mutu ba tukuna. Amma na faɗa miki, kada wanda ya ɗauki hotona ya sa a waya.

Uwar Biyu: An gama ranki ya daɗe. Malam Tela, buhu nawa za mu samu?

Tela Ɗan Kwari: Zan tambayi masu kayan tukuna, tunda Malam ya ɗaure mu. Wanda aka yafe zan ware muku atamfa daban, shadda daban. A turo yaro ranar Asabar kafin azahar da buhunsa, in ya makara masu filo sun riga shi.